Ƙofar da ke Kusa da Shara

Clive Pennock ya goge takalminsa, ya ɗauki furannin da ya sayo a kasuwar Deptford, ya fito ta ƙofarsu, wadda ke manne da wurin zuba shara. Yau ce ranar tunawa da aurensu, kuma ya yi wa matarsa Noreen alkawarin duk shekara, komai tsanani, zai zo mata.

Lokacin da aka rushe tsofaffin gidajen unguwar, ƙaramar hukuma ta gindaya wa kamfanin da ya karɓi filin sharaɗi: ba izinin sabon gini sai an ware wa masu ƙaramin ƙarfi nasu kason. Kamfanin kuwa ya bi doka sau da ƙafa. Ya ware musu ɗakuna, ya ware musu ƙofa, sannan ya ja shinge tsakaninsu da lambun tsakar gidan, inda tsohuwar bishiyar tuffa da aka hana sarewa take tsaye.

Clive, da rushewar ta tayar daga gidansa, ya sha jira kafin a dawo da shi cikin sabon ginin. 'Yarsa ta roƙe shi har da kuka ya koma wurinta a Leeds, ya ƙi. Noreen na nan, ina za shi? Sai da ya tare ya gane cewa shi yana wannan ɓangare, ita tana wancan. Tagarsa ma titi take kallo. Abin ya ci masa rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ya zagaya ta babbar ƙofar gilashi. Darek, sabon mai tsaron wurin, ya washe baki.

"Kai, Baba, wannan kwalliya haka! Wace mai sa'a ce?"

"Matata ce, ja'iri. Buɗe min lambu in gan ta, yanzu zan fito."

Darek ya dubi makullin da ke hannun tsohon, fara'arsa ta ragu. "Naka ba ya buɗe lambu, Baba. Ga kyamara can tana kallona. Wanda na gada, yaran ɓangarenku ya bari suka hau lilo, aka sallame shi."

"Ni lilo zan hau? Dubi gwiwoyin nan."

"Wallahi ina da iyali. Ka yi haƙuri."

 Clive ya tsaya jikin gilashin yana leƙen ciki, riƙe da furannin. An shimfiɗa sabuwar ciyawa, wata mata na zaune a inuwa da karenta. Darek ya rasa inda zai sa kansa, sai ya jawo wayar teburinsa.

"To ga dabara. Faɗa min lambar ɗakinta, in kira ta ta sauko."

"Ba za ta sauko ba, ɗana," in ji Clive. "Da ta rasu aka ƙona gawarta, tokar na gindin bishiyar can. Da hannuna na binne ta, lokacin da wurin yake bayan gidanmu."