Ƙarin Tan Biyu

"A ƙara mana mai tan biyu," in ji kyaftin ɗin jirgin saman, ya sa hannu a takardar man.

Mataimakinsa ya leƙa taga. Sama garau, tafiyar awa ɗaya kacal, kuma karo na biyar ke nan da yake neman ƙari. Anya tsohon nan bai haɗa baki da direban tanka ba?

Suna sauka ya zarce ofishin shugaban matuƙa, ya kwashe komai ya faɗa masa.

Shugaban ya daɗe yana duba takardu.

"Ranka ya daɗe, ka gani ko?"

"Na gani. Ko ɗigo ba ya ƙarawa sai ranar da kai za ka sauke jirgi, don ko da ka kuskure titin sauka an sake zagayowa, man ya isa. Asiri yake rufa maka. Zauna."