Gaisuwar Malam

Tun da aka kafa dokar goge duk shafin intanet ɗin da baƙi ba sa cika minti ɗaya a kansa, Rumasa'u ke fama da shafin marigayi babanta, Malam, inda muryarsa ke koyar da kiwon tattabaru. Ta gano doguwar gaisuwarsa ce ke korar mutane.

"Ba a banza na yi karatu ba," ta ce. Ta datse gaisuwar, ko da yake abin da aka datse ba ya dawowa. Baƙi suka zauna, shafi ya tsira.

Washegari mahaifiyarta ta kunna shafin a waya kamar kullum, tana shirin amsa gaisuwa. Muryar ta zarce kan maganin ƙwarƙwata.

"Rumasa'u, me na yi wa Malam yau bai gaishe ni ba?"