Nas Ɗin Da Ta Hana Mijina Kwanciya

"Tashi ka taka, Malam Nazifi," in ji nas ɗin. Jiya-jiya fa aka tsaga wa mijina ƙirji, ko robar da aka zura masa a ƙirjin ba a cire ba.

Na ce, "Ke ba ki da imani ne? Mutum da ɗanyen ɗinki!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa shi tari, ta ba shi balan-balan ya hura kamar ɗan yaye. Kwana biyar suka sallame mu. Na ce gadon suke so, ba lafiyarsa ba. A bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, kullum ya yi tafiya, ya yi tari." Na ce Allah ya isa.

Muna isa gida Doguwa na shimfiɗa masa katifa. Na ɗaure ƙirjin da zani, kada tari ya fasa ɗinkin. Ko buta ban bari ya ɗauka ba. Bayan sati biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, ya cika.

Ranar sadakar arba'in ina cikin tsine wa nas ɗin, sai ga Malam Yalwa ya zo gaisuwa. A asibiti gadonsa na kusa da namu, rana ɗaya aka yi musu aiki. Da ƙafarsa ya tako daga tasha.

Na ce, "Malam, wa ya yi jinyarka haka?"

Ya ce, "Ba ni da kowa, Hajiya. Ni nake ɗebo ruwana, ni nake zuwa masallaci. Abin da nas ta ce kawai na bi."

Tun ranar ban sake tsine mata ba. Zanin nan ne na kasa kallo.