Keken da Ke Nauyi a Kan Dutse

Auta ya dire keken a ƙofar shagon mai gyara da ƙarfi, har sai da sarƙar ta yi ƙara.

"Malam, zuwana na huɗu ke nan. Birkin gaba yana kama taya. In aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa min!"

Mai gyara ya tsuguna. Ya ɗaga gaban keken, ya murza tayar da yatsa ɗaya. Ta yi ta juyawa sumul, ko ƙis babu, har Auta ya gaji da kallo.

To, abin da ke ƙona masa rai ke nan. A shago keken lafiyarsa ƙalau, a tsakar gida ma haka. Amma da an fara hawan dutse sai ya yi nauyi, kamar an ɗaura masa buhun siminti. Wata biyar ana wannan wahalar. Ya canza tayoyi zuwa masu manyan haƙora, ya canza sirdi, ya canza feda. Har asibiti ya je aka auna zuciyarsa, likita ya ce garau yake.

Ga lokaci ya ƙure. Ƙungiyarsu ta masu hawan dutse da keke mutum ɗaya tak take turawa babbar gasa kowace shekara, kuma ranar Asabar za a yi tseren fitar da gwani. Shekara shida a jere yayan Auta ke cinyewa. Bara Auta ya zo na biyu, tazarar ba ta kai tsawon keke uku ba. Yaya ya rungume shi a gaban jama'a, ya ce, "Baɗi taka ce, ƙanena." Tun daga ranar Auta ke kwana yana tashi da wannan magana.

"A me kake kai shi dutsen?" in ji mai gyara.

"A motar Yaya mana. Ina ruwan mota da birki?"

Mai gyara ya buɗe baki zai yi magana, Auta ya tari numfashinsa. Ai Yaya ya riga ya buɗe masa ido: wannan mutumin ne ke yi wa Dogo gyara, Dogon da shi ma ke neman gurbin nan ido rufe. Kai! Shekara goma Auta na kawo keke shagon nan, har ɗaurin auren 'yar mutumin ya je, ashe ana yi masa dariya ana yankansa ta baya.

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Auta. Ya ja kekensa ya tafi bai waiwaya ba.

Washegari Yaya da kansa ya raka shi wani shago a can ƙarshen gari, ya zaɓar masa sabon birki mai faifai, ya tsaya a kan ma'aikacin har aka ɗaura. Auta ya dubi yayansa, ya ji ƙwalla ta taru masa. Wannan ne ya koya masa hawan keke tun ƙafarsa ba ta kai feda, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayansa.

Ranar Asabar da sassafe mota ta tsaya a ƙofar gida. Kamar kullum, Yaya ne ya ɗora kekunansu biyu a kan kariyar ɗaukar kaya da ke bayan mota, ya ɗaure su tamau da igiyar roba. Ba ya yarda kowa ya taɓa. "Matsa can, kar ka kwarzane min fenti," haka yake cewa, a ɗorawa da saukewa duka. Makullan motar na lilo a yatsansa, tare da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti da bai taɓa rabuwa da shi ba.

A hanya wani mai babur ya gifta su, ya doke madubin gefen da Auta ke zaune. Bai fashe ba, ya dai sunkuya ƙasa. Yaya ya yi tsaki, ya zazzaga wa mai babur faɗa ta taga, suka wuce.

Gindin dutsen ya cika da motoci. Ana buga wa tayoyi iska, ana ɗaure hular kwano, ana tsokanar juna. Ga Dogo can yana miƙe ƙafa, ga mai gyara kusa da shi da akwatin kayan aikinsa. Mai gyaran ya ɗago wa Auta hannu. Auta ya kau da kai, ransa a ɓace.

"Zauna a mota ka sa takalminka, ka ci ayabarka," in ji Yaya, yana dafa kafaɗarsa. "Bari in sauke maka keken. Yau ranarka ce."

Auta ya zauna, ya ɗaure igiyar takalmi. Sabon birki, sabon shago, babu sauran hannun maci amana a jikin kekensa. Yau kam za a ga ƙafa. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya miƙa hannu ta taga don ya gyara madubin nan da ya sunkuya.

Hannunsa ya tsaya cak.

A cikin madubin, ga Yaya tsugune a gefen mota, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zura ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan a notin birkin gaban keken Auta, ya murɗa sau biyu, cikin ƙwarewar hannun da ya yi wata biyar yana yi.