Ranar da Duna Ya Dawo a Guje

Shekarar da ruwan dam ya cinye tsohon ƙauyenmu, na raka Baba duba sabuwar gona a dajin Ngaski, karenmu Duna na gaba. Da la'asar sai ga shi a guje, ya matse bindi, ko haushi babu. Na durƙusa zan rungume shi, Baba ya fizge ni.

"Kada ka kira shi! Ban yarda da shirun nan ba, wani abu ya jawo muna. Hau kaɗanyar nan!"

Hawanmu ke da wuya sai ɓauna ta keto ciyawa tana huci. Ita ma ruwan ne ya koro ta.

Duna ya tsira. Amma har yau, ko jikana ne ya sheƙo wurina da gudu, bayansa nake fara dubawa.