Gangar Hawa na Bakwai

Ina cire toshiyar gangar, baƙin da suka zo ɗanɗana wuski suka matso da kofunansu.

"Ku ja baya," na ce. "Shekara hamsin ina mirgina ganguna a Kentaki. Ko bihim ban sani ba, amma hancina ya fi digirin kowa. Ina yaro gobara ta ci rumbun ajiyar wuskin nan, na fita da ƙafata."

"Baba, labari za mu sha ko wuski?" in ji wata mai jar hula.

"Yarinya, na cikin nan ya girme ki."

Mu shida abokan aiki muka cika ta, muka yi alkawari wanda ya rage shi zai buɗe, ya zuba wa jama'a, ya kira sunayen sauran. Ni na dage a ɗora ta hawa na bakwai, inda zafi ke nuna wuski. Suka ce sama tana shanye ganga. Na ce wa ya fi ni sani?

Na zura bututun tagulla, na ji ya daki katako. Na karkata ta, na sake zurawa. Abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba.

"Rabon mala'iku ke nan," in ji mai zagayawa da baƙin. "Kowace shekara kaɗan ke tashi sama." Ya wuce da su gaba, ban kira sunan kowa ba.

Kullum ina taƙama su biyar sun tafi sun bar min ganga. Ashe da wuskinsu suka tafi. Ni da katako aka bari.