Mai Koren Kallabi

"Nedyalko, ana ta zaginka a intanet!" na ce wa ɗana a waya. Tunda ya ajiye aikinsa a birnin Plovdiv ya ƙirƙiro wasan kwamfuta na tsaron kanti, barcina ya ƙare. "Wai tsohuwar da ke sayen burodi a wasan, wadda kowa ke so, tana ɓacewa a rana ta arba'in. Ka gyara kafin masu wasan su watse!"

"Baba, ba kuskure ba ne. Buɗe ka gani."

Na buɗe. Koren kallabi, ɗan ɗingishi, tana mita wai burodin ya huce. Tsveta ce, matata marigayiya. A wurinmu, kwana arba'in mamaci ke yi yana zaga gida kafin ya tafi.

Yanzu da zarar na kai rana ta talatin da tara a wasan, sai in koma farko.